Sallah da wasiyyar mai ciwon hanta da hankalinsa ke gushewa

Tambaya: Malam, hantar mahaifinmu ta lalace. Yakan wuni yana barci ya kwana ido biyu, wani lokaci ba ya gane mu. Likita ya ce ciwon ya taɓa ƙwaƙwalwa, wataƙila ba zai daɗe ba. Mu yarda? Yaya sallolin da suka wuce shi, da wasiyyarsa?

Amsa: Allah Ya ba shi lafiya. Maganar likita ba da'awar sanin gaibu ba ce, ƙiyasi ne daga abin da aka gani ga masu irin ciwon. Hanta ce ke tace gubar amoniya daga jini. In ta gaza, gubar ta kai ƙwaƙwalwa. Wani bincike a Sifen a 1999 ya gano kashi 42 cikin ɗari na masu irin wannan ciwon ne suka kai shekara a raye bayan ruɗewar hankali ta farko, kashi 23 suka kai shekara uku. Ajalin mahaifinku kuwa, Allah kaɗai Ya san shi.

Kada ku saki magani, domin ruɗewar takan warware. Abin da ke tayar da ita sananne ne: taurin bayan gida, zubar jini a ciki, kamuwa da ƙwayar cuta, ƙarancin ruwa a jiki, maganin barci. Lactulose, maganin da ke sassauta bayan gida don fitar da gubar, ana ba da shi har ya yi bayan gida mai laushi sau biyu zuwa uku a rana. Baƙin bayan gida ko aman jini, asibiti nan take. Jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba, ku bari.

Sallah: a mazhabar Malik, wadda lokacinta ya fita hankalinsa a gushe ba ya rama ta. Muwaɗɗa, littafin Malik, ta kawo cewa Ibn Umar ya suma bai rama ba. Hambalawa sun ce ya rama duka, amma na farko na fi rinjayarwa. In ya farfaɗo da sauran lokacin da zai isa tsarki da raka'a ɗaya, wannan sallar ta hau kansa, kuma sai ya sake alwala. Azumi kada ya yi. In ba a sa ran warkewa, a ciyar da mudun Annabi ɗaya kowace rana.

Wasiyya ta inganta in ya yi ta yana sane da abin da yake faɗa. Ku kira shaidu biyu adilai a ranar da ya warware, a rubuta har da basussuka. Ba ta wuce sulusi, ba a yi wa magaji, sai in sauran magada sun yarda.

Wallahu a'alam.