Tambayoyinku: Bene hawa bakwai, an manta da hanyar waya

Tambaya: Malam, ina gina otal a Garwa ta Kamaru, bene hawa bakwai, ɗakuna sittin. An gama filasta, saura fenti da tayil. Wane babban rauta (na'urar raba intanet) zan sayo in ajiye a wajen karɓar baƙi, ya kai waifai har hawa na ƙarshe? Kuɗi ba matsala ba ne. (Wani Alhaji, Garwa)

Amsa: Alhaji, Allah ya sa albarka a ginin. Amma wallahi wasiƙarka ta tayar mini da hankali, don irinta ce nake samu kullum, kuma kullum sai bayan an gama filasta ake tunawa da mu masu aikin intanet. Na tabbata ka zauna da mai famfo tun ana haƙa fandisho. Ka zauna da mai wayarin. Ka yi kwanaki kana zaɓen kalar tayil. Intanet kuwa, abin da baƙo ke fara tambaya kafin ya ajiye jakarsa, ka bar shi sai ƙarshe kamar labule.

Rautan da kake nema ba a ƙera shi ba. Kowane dakin da ya raba hawa da hawa a gininka kankare ne cike da rodi, siginar waifai kuwa ba ta jituwa da ƙarfe da siminti. Siginar da aka fi amfani da ita iri biyu ce: ta 2.4 GHz tana ɗan ratsa bango amma cunkoso ya yi mata yawa, ta 5 GHz tana da gudu amma bango biyu sun isa su gajiyar da ita. Ko da rautan ya yi ƙarfin da zai isa sama, wayar baƙon da ke hawa na bakwai ba ta da ƙarfin mayar masa da amsa. Shi ya sa za ka ga sanda ta cika a waya, saƙo kuwa ya ƙi tafiya.

Yadda ake yi a manyan otal shi ne, tun a kan takardar zane ake ware rami guda da ya miƙe daga ƙasa har sama, na wayoyin sadarwa kaɗai, da ƙaramin ɗaki ko akwatin bango a kowane hawa. Fayiba, wato wayar da ke kai saƙo ta hanyar haske, ita ce ke haɗa hawa da hawa. Daga akwatin sai a ja wayar intanet samfurin Cat6 zuwa ƙananan na'urorin watsa waifai, ɗaya a kowane ɗaki in da hali, in babu ɗaya ga ɗakuna biyu ko uku. Kada tsawon waya ɗaya ya wuce mita 100. Ka sayi suwic (na'urar da wayoyin ke haɗuwa a jikinta) mai PoE, wato wutar na'urorin ta biyo ta cikin wayar, ka huta da neman soket a silin. Kuma kada mai wayarin ya cusa maka su a bututu ɗaya da wayar lantarki don ya rage aiki. Zai ce ba komai. Akwai komai.

Tunda ka riga ka shafe bango, abin da ya rage maka shi ne silin na baranda. A bi ta cikinsa, a huda sama da ƙofar kowane ɗaki, inda babu silin a sa kwarkwaron roba a jikin bango. Ka yi wannan kafin fenti, ina roƙonka, kada ka biya mai fenti sau biyu.

Sai maganar wuta. Idan ta ɗauke, janareta kan ɗauki wasu daƙiƙoƙi kafin ya karɓa. Wannan ɗan tsakanin ya isa ya kashe duk na'urorinka, kuma sai sun yi mintuna kafin su dawo. Kowane akwati yana buƙatar UPS nasa, wato batirin da ke riƙe wuta kafin janareta ya karɓa. Ɗakin da manyan na'urori suke kuma a sa masa na'urar sanyaya ɗaki tasa, ya tsaya tsakanin digiri 18 zuwa 27. Ka san zafin Garwa a watan Afrilu yana haura 40, ka san ƙurar hunturu. Na taɓa shiga wani otal na tarar an mai da wannan ɗakin ma'ajiyar tsintsiya da bokiti, suwic ya yi zafi har ba ya taɓuwa, manaja kuma yana ta zagin kamfanin intanet. Ranar raina ya ɓaci matuƙa.

Ka raba layin baƙi da na ofis da na kyamarori, kada baƙon ɗaki na 40 ya leƙa kwamfutar akanta. Kuma ga ɗabi'ata da ba na gajiya da faɗa: kowace waya a rubuta mata lamba a kai biyu, a ɗauki hoton hanyarta kafin a rufe silin, a ajiye hotunan a wuri biyu. Yaron da ya ja wayar ba zai dawwama a wurinka ba.

Tambaya: Na sauka a wani otal a bakin kogi a N'Djamena. A lif sabis ya ɗauke, a ɗakina na can sama kuma kuɗin wayata suka ƙare ban yi wani dogon kira ba. (Wani ɗan kasuwa)

Amsa: Lif akwatin ƙarfe ne, ka yi haƙurin minti ɗaya, cinikin ba zai gudu ba. Kuɗin kuwa, ka leƙa taga: garin Kusiri na Kamaru ne can a tsallaken ruwa. Daga sama babu abin da ya tare tsakaninka da eriyoyin Kamaru, sai wayarka ta kama MTN ko Orange, ana cajinka kamar ka ƙetare iyaka. Shiga saitin layi, kashe zaɓin kai-tsaye, ka zaɓi layin Chadi, Airtel ko Moov, da hannunka, ka kuma kashe romin, wato amfani da layin wata ƙasa.

Tambaya: Katin buɗe ƙofa ya ƙi aiki har sau biyu. Na kuma bar wayata a caji na fita, na dawo ba ta ƙaru ba. (Wata Hajiya, Marwa)

Amsa: Hajiya, in katin mai baƙin layi ne a baya, maganaɗisun jakarki ko na murfin wayarki ne ke goge shi. Ki ware masa aljihu. Wanda ake karawa a jikin ƙofa ba ruwansa da wannan. Caji kuma, da kika zare katin daga gidansa na bango kin kashe wutar ɗakin gaba ɗaya. Ki roƙi kati na biyu a wajen karɓar baƙi, ko ki gwada soket ɗin firiji, galibi shi ba ya mutuwa.

Tambaya: Zan iya tura kuɗi da waifan otal? (Wani ɗalibi, Ngaundere)

Amsa: Yi da datarka. In dole ne, tambayi ma'aikata ainihin sunan waifan, don kowa na iya buɗe nasa ya sa masa sunan otal ɗin.