Ga mai tambayar bakin teku a Legas

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa da ka ce za ka je Legas ƙarshen shekara, kana neman bakin tekun da ba hayaniya, wanda sai an taka da ƙafa ake isa, ni dai tsibirin Gberefu zan nuna maka, a Badagry. Sau biyu na je, lokacin da nake kai atamfa daga Kantin Kwari.

Daga tashar Mile 2 a cikin Legas za ka hau motar Badagry, can wajen Seme, iyakar Najeriya da Benin. A bakin ruwan garin za a tsallakar da kai tsibirin a kwalekwale, kuma kada ka shiga sai an ba ka rigar da ke hana nutsewa. Daga nan sai tafiyar ƙasa ta kamar rabin awa. Mu da muka saba hawa Dala gani muke wasa ne, amma rairayi cin ƙafa yake yi. Silifas na sa, suka dinga nutsewa, na cire na riƙe a hannu, ƙasa ta gasa min tafin ƙafa, dole na mayar. Ka sa kambas, ka yi sammako, ka riƙe ruwan sha da yawa, don zafin can na gumi ne, ba irin namu busasshe ba.

Hanyar nan ita aka bi da bayi zuwa jiragen Turawa. A kanta akwai wata rijiya da masu yi wa baƙi jagora ke cewa ruwanta ake ba bayin don su manta gida. Da na leƙa ta jikina ya yi sanyi, har muka fara jin rugugin teku ban iya cewa uffan ba.

Roƙona ɗaya, don Allah kada ka shiga wanka. Wannan ba dam ɗin Tiga ba ne. Idan igiyar ruwa ta bugo za ta koma, zare rairayin da ka taka take yi. Iya ƙauri na shiga, amma sai da abokin tafiyata ya cafko hannuna. Ruwan kuma yana cika yana janyewa sau biyu a kwana, don haka ka ajiye jakarka can sama wajen bishiyoyin kwakwa.

Alwala ta halatta da ruwan teku, a nan muka yi azahar. Ka karɓi lambar mai kwalekwalen da ya tsallakar da kai, kuma ka juyo kafin la'asar.