Tambayoyin Masu Karatu: Kokwanto a Alwala, da Saƙon Ƙarar Tsakiyar Azumi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni matar aure ce, shekara biyu ke nan ina fama da kokwanto. Sai na sake alwala sau uku ko huɗu kafin na tayar da kabbara. Ina cikin sallar ma sai na ji kamar iska ta fita, na yanke na koma. Wata rana har gari yakan waye tangaran ban idar da Asuba ba. Yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, wasiƙarki ta taɓa mini zuciya, domin na ga wannan ciwo ido da ido. Akwai wani ɗalibi da ya yi karatu a gabana, yaro mai kunya da son ibada. Za a tayar da iƙama yana tsugune da buta, ya wanke hannu ya sake wankewa, ruwa ya ƙare ya je ya ƙaro. Tsakanin yatsunsa duk ya yi fari, fatar tana ɗayewa saboda jiƙa. Ranar da na gan shi ya iso sahu daidai lokacin da liman ke sallama, yana goge hawaye da gefen riga, na zaunar da shi na gaya masa abin da zan gaya miki yanzu.

An taɓa kai wa Annabi (SAW) kukan mutumin da yake jin kamar wani abu ya fita daga gare shi a cikin salla, sai ya ce kada ya juya sai ya ji sauti ko ya ji wari. Buhari da Muslim ne suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Zaidu. A kan wannan hadisi Hanafiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya suka tsaya cewa kokwanto ba ya kawar da yaƙini. Malikiyya sun fi tsanantawa, a wurinsu shakkar hadasi tana sa a sake alwala. Amma ko su sun ware mutum ɗaya, wanda suke kira mustankihi, wato wanda kokwanto yake zo masa kullum ko da sau ɗaya ne. Shi babu sakewa a kansa. Ke kuwa, bisa abin da kika rubuto, kin wuce wannan iyaka nesa ba kusa ba. Saboda haka a mazhabobin nan huɗu babu mai umartarki da komawa ga buta.

Daga yau ki yi alwala sau ɗaya, kowace gaɓa kada ta wuce wanki uku, domin Annabi (SAW) ya ce wanda ya ƙara a kan uku ya munana kuma ya ƙetare iyaka. Anas ɗan Maliku ya ce Annabi (SAW) da mudu ɗaya yake alwala, wato cikin tafin hannu biyu na matsakaicin mutum, wanka kuma da sa'i ɗaya, wato mudu huɗu, zuwa mudu biyar. Ki auna ruwanki tun kafin ki zauna, in ya ƙare ki tashi. Idan abin ya motsa miki a cikin salla, ki yi abin da aka koya wa Usmanu ɗan Abil Asi lokacin da ya yi irin wannan kuka. Annabi (SAW) ya ce masa wani shaiɗani ne ana kiransa Khinzab, ya nemi tsarin Allah daga gare shi ya yi tofi ta hagunsa sau uku. Usmanu ya ce ya yi hakan, Allah kuwa ya tafiyar masa da shi.

Na san na gaba da za ki tambaya shi ne kokwanto a adadin raka'o'i. Mai lafiya in ya rasa uku ya yi ko huɗu, yana ginawa a kan uku ya kawo ɗaya ya yi sujadar rafkanuwa. Mustankihi kuwa, Ibnu Abi Zaidin ya faɗa a Risala cewa ya kau da kai daga kokwanton, babu gyara a kansa, sai dai ya yi ba'adiyya bayan sallama.

Kwanakin farko za su yi miki nauyi, zuciya za ta riƙa ce miki sallar ba ta yi ba. Ki daure, kada ki rama ko ɗaya. In kuma kin ga abin ya bi ki har wajen salla, kina ta duba ƙofa ko wanke hannu babu dalili, to ki haɗa da ganin likitan ƙwaƙwalwa. Cuta ce sananniya da ake magani, zuwa wurinsa bai rage miki imani da komai ba. Allah ya yaye miki.

TAMBAYA: Malam, an turo mini saƙo a WhatsApp cewa idan 15 ga Ramadan ta faɗo ranar Juma'a za a ji wata ƙara daga sama, a rufe ƙofofi a toshe kunnuwa, daga nan Mahadi zai bayyana. Tun da na karanta barci ya ƙaurace mini. Gaskiya ne?

AMSA: Ɗana, kwantar da hankalinka, wannan ruwaya ba ta inganta ba. Ibnul Jauzi ya sanya ta cikin hadisan ƙarya tun ƙarnoni da suka wuce. An yaɗa ta a 2012, aka sake yaɗa ta a 2020 lokacin da 15 ga watan ta dace da Juma'a 8 ga Mayu, mutane suna kulle a gida saboda korona, zukata a tsorace. Rana ta fito ta faɗi, babu abin da aka ji.

Abin yana ba ni takaici matuƙa, domin yanke wa alamomin ƙiyama rana ba ƙaramar ɓarna yake jawowa ba. Ranar 1 ga Muharram 1400, daidai da 20 ga Nuwamba 1979, Juhaiman al-Utaibi da mabiyansa suka mamaye Masallacin Harami da makamai, suna cewa surukinsa Muhammad al-Ƙahɗani ne Mahadi. Kusan mako biyu ana zubar da jini a gefen Ka'aba, wanda aka kira Mahadin ma a nan aka kashe shi. Alhali aya ta 187 a Suratul A'arafi ta ce sanin lokacin Sa'a yana wurin Allah kaɗai, kuma da Jibrilu ya tambayi Annabi (SAW), amsar ita ce wanda ake tambaya bai fi mai tambaya sani ba.

Alamomin kuwa gaskiya ne, mun yi imani da su. Hadisin Huzaifa ɗan Asidu a Sahihu Muslim ya lissafa manya guda goma, cikinsu akwai hayaƙi, da Dujal, da Dabba, da fitowar rana daga yamma, da saukowar Annabi Isa (AS), da Yajuju da Majuju. Amma wurin da nake so ka tsaya ka duba shi ne hadisin Nawwasu ɗan Sam'ana. Annabi (SAW) ya ba sahabbai labarin Dujal har suka ji kamar yana cikin gonakin dabinon da ke kusa da su. Ya ce zai yi kwana arba'in a bayan ƙasa, yini ɗaya kamar shekara, ɗaya kamar wata, ɗaya kamar mako, sauran kamar kwanakin da aka saba. Me ya fara damun sahabbai? Cewa suka yi, ya Manzon Allah, wannan yini mai tsawon shekara, sallar yini ɗaya za ta ishe mu a cikinsa? Ya ce a'a, ku ƙaddara masa gwargwadonsa. Duk lokacin da na karantar da wannan wuri sai na ji tsigar jikina ta tashi. Ana ba su labarin fitina mafi girma tun halittar Annabi Adamu, su kuwa hankalinsu yana kan Azahar da La'asar.

To kai ma ga aikinka. Ka haddace ayoyi goma na farkon Suratul Kahfi, Abud Darda'i ya ruwaito cewa kariya ce daga Dujal. Bayan tahiyar ƙarshe, kafin sallama, ka nemi tsari daga azabar Jahannama, da azabar kabari, da fitinar rayuwa da mutuwa, da sharrin fitinar Dujal. Saƙon kuma kada ka tura wa kowa, ka koma ga wanda ya turo maka ka sanar da shi cikin ladabi cewa ba maganar Annabi (SAW) ba ce.