Faranti bakwai ko tiren kabsa ɗaya?

Ɗana, tambayarka ita ce: "Maigida, me ya sa abokai shida za su zube ɗaruruwan riyal a kan 'yan lomomi a faranti bakwai, alhali da rabin kuɗin za su ci tiren kabsa har su rage? Kuma ta yaya ake tsara irin wannan ci?" Na ji daɗi da ka tambaya, domin yaron da bai san dalilin aiki ba, hannunsa kaɗai ke kicin.

Kada ka raina kabsa, dafa-dukar shinkafa da nama ta nan Saudiyya. Wanda yunwa ta koro, kabsa ko mandi ne maganinsa. Amma waɗannan shidan ba yunwa kaɗai ta kawo su ba. Sun zauna ba su zaɓi komai ba, sun bar wa kuku zaɓi, wato sun ce: ba mu abin da ya fi kyau a ƙasar nan a wannan makon. Amana ce suka ba mu. Shi ya sa ba na zama in rubuta jerin abinci sannan in tura a nemo kaya. Kasuwa nake fara zuwa, abin da na tarar shi ke rubuta jerin.

Da yawa cikin 'yan'uwanmu da ke Jidda da Makka suna ɗauka ƙasar nan ba ta da kaka, tunda manyan kantuna cike suke da kayan waje duk shekara. Ba haka ba ne. Ka dubi yanzu da muke ƙarshen sanyi. Lokacin faga'a ke nan, dangin naman kaza da ke girma a ƙarƙashin yashi a arewa, wajen Hafar al-Batin da Rafha da Arar. Galibi ba a shuka ta. In ruwan wasmi ya sauka sosai tsakanin tsakiyar Oktoba da farkon Disamba, sai a same ta daga Janairu zuwa Maris, in kuwa bai sauka ba, a haƙura sai baɗi. Farar, zubaidi, ta fi tsada, khalasi kuma ta fi duhu. Ita ce kam'a da ta zo a hadisin Bukhari da Muslim, inda Annabi (SAW) ya ce tana daga cikin mannu, ruwanta kuma waraka ne ga ido. To ka ga mutumin da aka ajiye wa wannan a gabansa, ba girman lomar yake dubawa ba. Ya san in Maris ya wuce, ko nawa zai biya ba zai samu ba.

Wahalarta yashi. Yana shiga kowace tsaga ya maƙale. Ka jiƙa ta a ruwan sanyi, ka bi tsagogin da ƙaramin buroshi, ka canza ruwa, ka sake, har sai ka shafa gindin kwano da yatsa ba ka ji ƙwaya ɗaya ba. Sannan ka fere ta siriri, kada ka zubar da kuɗi a kwandon shara. Man shanu, wuta kaɗan, gishiri, shi ke nan. Kada ka kusanto ta da yaji mai ƙarfi, ƙamshinta ba ya jure kishiya. Ƙwayar yashi ɗaya a haƙorin baƙo ta isa ta ɓata masa sauran faranti shida.

A wannan lokacin ne kuma lemun Al'ula ke nuna, ga sabon man zaitun na Jauf. In Maris da Afrilu suka zo, furen wardi na Ɗa'if ne, ana tsinkarsa da sassafe kafin rana ta yi zafi, sai mangwaron Jazan ya biyo baya. Da zafi ya tsananta, ɗanyen dabino, ruɗab, ya shigo, kasuwar dabino ta Buraida ta cika a Agusta, Ɗa'if ta aiko inabi da ɓaure, daga baya rumman.

Kifi ma yana da lokacinsa. Najil shi ne sarkin kifin Bahar Maliya, amma hukuma tana hana kamunsa a Afrilu da Mayu saboda lokacin ƙwansa ne. A watannin nan ba ya shiga jerina, ko wa ya kawo min shi ta bayan gida. Kukun da ke tinƙaho da girkin kaka ya kamata ya fi kowa kiyaye wannan. In ya halatta kuma, ka san abin da za ka duba a Bangala, babbar kasuwar kifi ta Jidda: ido garau ba hazo, ka ɗaga murfin kunnen ka ga ja sosai, ka danna tsokar da ɗan yatsa ta dawo nan take, warinsa na ruwan teku ba ƙarni ba.

Yanzu tsari. Ana farawa da mai sauƙi, mai ɗan tsami, wanda zai tada harshe. Sai mai ɗumi, sai kifi, sai abin da ya fi nauyi, nama ko jarish, wato faten alkama, sai wani abu mai sanyi ya wanke baki, sai zaƙi da gahawa. In ka sa mai barkono a gaba, duk abin da ya biyo baya baƙo ba zai ji shi ba. In ka jera masu maiƙo biyu, a na huɗu ya gaji. Kada wani ɗanɗano ya maimaitu: in lemun tsami ya yi magana a farantin farko, ya yi shiru a na uku. Ni ina auna kowane faranti kusan giram 60 zuwa 80, babban cikinsu ya ɗan fi haka, ga burodi a gefe. Haɗa su duka ka gani, ai cikakken abincin dare ne. Baƙon da ya fita daga wurinmu ya tsaya sayen shawarma a hanya, mun ci amanarsa. Wanda kuma ya kasa taɓa kayan zaƙi don cikinsa ya cika tun a na biyar, shi ma mun cuce shi.

Adon faranti, da na ga ya fi ɗaukar hankalinka, shi ne na ƙarshe a lissafi. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Duk ganyen da ba za a ci ba, cire shi.

Abin da ya fi wuyar koyo shi ne tazara, kuma a nan ne maganar abokai ta shigo. Tiren kabsa minti ashirin an gama, an wanke hannu, kowa ya kama gabansa. Waɗannan kuwa wataƙila sun yi watanni ba su haɗu ba, wannan yana aiki a Riyad, wancan ya shigo Umara daga Kano. Sun zo bayan Isha'i, suna so su zauna awa biyu ko fiye. Kowane faranti yana ba su abin magana, tazarar da ke tsakani kuma tasu ce. Minti goma zuwa sha biyar ya isa. Ka riƙa leƙen teburin. In ka ga sun duƙufa, ɗaya yana ba da labari saura sun yi tsit, riƙe farantin, kada ka aza kifin a wuta tukuna. In ka ga an fara zaro waya, ka makara. Wanda zai kai abincin ya faɗi abin da ke ciki da inda ya fito a jimla biyu, ya ja baya. Ba lacca suka zo ji ba. Kuma tun ranar da suka kama tebur a tambaye su ko akwai wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko jatan lande, ko mai ciwon suga, a shirya masa nasa wanda ba zai ji an ware shi ba. Faranti shida su sauka tare, da zafinsu.

Na ambaci gyaɗa ne da dalili. Kada ka ɗauka abincinmu ba shi da gurbi a irin wannan tebur. Tun 2023 da Hukumar Fasahar Girki ta ayyana jarish a matsayin abincin ƙasa, da maƙshush, wasu 'yan ƙananan waina, a kayan zaƙi, masu girki ke ta komawa ga tukunyar iyayensu. Tsiren da kakanninmu suka kawo Hijaz, wanda mutanen Makka ke kira siriyya, ya daɗe da zama ɗan gari. Yanka biyu na naman rago, an shafe da ƙuli-ƙuli da citta, an gasa a gawayi, da 'yar albasa a gefe, ya isa ya tsaya a faranti na biyar ba kunya. Sai dai ka rage barkonon, saboda akwai saura a bayansa.

In kana so ka san ko mun yi daidai, kada ka tsaya ga "ma sha Allah" da baƙo zai faɗa a ƙofa, mutanen kirki ba sa kushe abinci a gaban mai shi. Je ka tsaya wurin wanke-wanke ka duba abin da ke dawowa. In mutum huɗu cikin shida suka ture abu ɗaya gefen faranti, gobe sai a gyara shi ko a cire.

Gobe bayan sallar Asuba ka same ni a ƙofar Bangala, daga nan mu wuce halaga, kasuwar kayan lambu. Ka zo da littafi da biro. Kai za ka zaɓi kifin, kuma kafin mu dawo kicin ina so ka faɗa min faranti uku na farko da dalilin jerin su.