Amsa: Wane irin manaja ya dace da aikin gini?

Malam, ka tambayi abin da za ka duba kafin ka damƙa wa mutum ragamar gininka. Ni a wajena, na farko ya san wane aiki ke jiran wane. Kankare kan ɗauki kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da injiniya ya lissafa, to gwanin manaja ya riga ya tanadar wa birkiloli wani ɓangaren, ba su zauna ana biyansu kuɗin yini ba. Mai wayarin ma ya binne bututunsa kafin filasta, kada a dawo ana fasa bango.

Sai amanar kuɗi: kowane buhun siminti a rubuce, in farashi ya tashi ka ji ranar. Ka kuma tambaye shi shirinsa in damina ta riske ku.