Tambaya da Amsa: Ina zan sami abin da ake kafe tamfol ɗin rufin mota a jikinsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da tsohuwar Ford Mustang ƙirar 1966, irin wadda ake naɗe rufinta. Sabon tamfol ya iso mini daga Amurka, amma da mai ɗinkin kushin ya yaye tsohon, sai muka tarar siririn abin nan da ke kwance cikin kwarmin ƙarfe, wanda ake buga fin a jikinsa, ya ruɓe yana marmashewa a hannu. Na zaga Panteka ban samu ba. Yaya zan yi? — Mai karatu daga Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba za ka same shi a Panteka ba, kuma kada ka wahalar da kanka zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Abin da kamfani ya sa wa motocin wancan zamani matsattsen kwali ne kawai. Wanda ya sha damina kusan sittin, ai ya yi ƙoƙari.

Masu sayar da kayan tsofaffin motoci a Amurka suna da madadinsa na roba mai tauri, ana yanka maka ƙafa-ƙafa. In za ka iya jira, sa a aiko maka. Amma kafin nan ka auna faɗi da zurfin kowane kwarmi daban, domin na sandar gaba, wadda ke sauka kan gilashi, ba lallai ya zo daidai da na baya ba.

In kuwa damina ta matso, ni abin da nake sawa shi ne fambel, irin na injin niƙa. Mai lamba A faɗinsa milimita 13 ne, kaurinsa 8. Mai lamba B kuma 17 da 11. Ɗauki mai santsi, banda mai haƙora a ciki, don fin zai faɗa rami ya rasa abin kamawa. Fambel roba ce da zare a cikinta, shi ya sa in fin ya shiga sai ka ji ya zauna daram. Ka sayi sabo. Tsohon da ya sha mai, gam ba ya kama shi, kuma man yana iya fitowa a jikin tamfol.

Ga yadda ake yi. A kankare tsatsar kwarmin da burushin waya, a shafa fenti, a bari ya bushe. A shanya fambel ɗin a rana ya yi laushi, sannan a tura siririn gefen ƙasa, mai faɗin yana kallon sama. In ya ɗara bakin ƙarfen, a feƙe shi da wuƙa har ya yi daidai, in ba haka ba za ka ga tudu ya fito ta cikin tamfol. Inda akwai 'yan kunnuwan ƙarfe a bakin kwarmin, a lanƙwaso su kan fambel ɗin a hankali, sun tsufa, karyewa suke. Inda suka riga suka karye, a huda a sa ribiti, a nutsar da kansa.

Wasu za su ce maka a sa katako. A wurin lanƙwasa tsagewa yake yi, in hunturu ya busar da shi kuma fin ya riƙa zarewa. Tiyub ɗin taya ma kada ka yarda, ya cika taushi.

Sai maganar fin. Ka tsaya kai da fata a sa wanda ba ya tsatsa, ko da kai za ka sayo da kuɗinka. Na gama-gari ruwa ɗaya zai sha ya zubo maka da jan layi a sabon tamfol. Tsawonsa kuma kada ya wuce kaurin fambel ɗin. In ya taɓa ƙarfe lanƙwashewa zai yi.

Tsohon tamfol ɗin kuma kada a jefar tukuna. Ramukan fin da ke jikinsa su za su nuna wa mai aikinka inda zai ja sabon ya tsaya, musamman wajen gilashin baya.