Mun ajiye durom uku, amma shara ta fi ƙarfinmu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni ce sakatariyar kwamitin da ke shirya taron shekara na ƙungiyarmu, mutane kan kai ɗari huɗu ko ma fi. Bara muka ce bari mu gyara, muka samo durom uku muka rubuta ROBA, GWANGWANI, SAURAN ABINCI, wallahi da aka tashi duk wanda kika leƙa abu ɗaya ne a ciki, ga leda ko'ina a fili, ƙarshe mai mota ya haɗe su duka ya kai bola. Yanzu wasu a kwamiti cewa suke a tara a cinna wuta kawai a huta. Don Allah bana ya za mu yi?
Daga wata mai karatu

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Maganar wuta dai kar ku soma, hayaƙin roba guba ne, yara da masu asma su za su fara shaƙa.

To amma gaskiya durom ɗinku ba su da laifi, tun wajen sayayya aka yi ɓarnar, don abin da kuka shigo da shi fili shi za ku share. Kin ga birnin Munich na Jamus tun 1991 suka hana faranti da kofin da ake yarwa a babban bikinsu na Oktoberfest, taron da miliyoyin mutane ke zuwa fa, haka bikin Glastonbury na Ingila a 2019 suka daina sayar da ruwan gora, suka ajiye famfuna kowa ya cika tasa. In waɗannan sun iya, mutum ɗari huɗu ai ba wani abu ba ne. Ku ajiye tankin ruwa mai famfo biyu ko uku, ku yi hayar kofuna da faranti na wankewa, wanda ya karɓi kofi ya ajiye ɗan wani abu jingina, in ya dawo da shi a mayar masa kuɗinsa. Dabarar nan tana aiki sosai, a Jamus ɗin tun 2003 ake ɗora santi 25 na kuɗin Yuro a kan gora da gwangwani, kuma fiye da 90 cikin 100 suna dawowa, mutum ba ya wasa da kuɗinsa ko nawa ne.

Masu sayar da abinci kuma ku kafa musu sharaɗi tun kafin ku ba su wuri, ban da farar robar nan mai kamar soso, ita ce mai lamba 6 a gindi, da wuya ki samu mai karɓarta. Kofin takarda ma yaudara ne, akwai siririyar leda shimfiɗe a cikinsa.

Sai abin da ya kashe muku aiki bara, kun ware shara ba ku san wa zai ɗauka ba. Mako biyu kafin taro ki nemi 'yan gwangwan ko kamfanin da ke sayen roba, ki tambaye su me suke karɓa, abin da suka ce shi kaɗai za ku ware. Gwangwanin alminiyum ba ya kwantai, narka shi na rage kusan kashi 95 cikin 100 na wutar da ake ci wajen yin sabo, gorar ruwa mai lamba 1 ita ma tana da kasuwa. Kwali in maiƙo ya taɓa shi ya tashi daga aiki. Sauran abinci a yi taki da shi.

Ni na taɓa tsayawa gefen durom a wani taro ina kallon ikon Allah, mutum zai taho waya a kunne, gwangwani a hannu, ko kallon rubutun ba ya yi, wanda ya fi kusa da shi nan zai jefa ya wuce. Shi ya sa rubutu kaɗai ba ya wadatarwa, ku jera durom ɗin waje ɗaya manne da juna, ku ɗaure ainihin gora a jikin na gora, gwangwani a jikin na gwangwani, ku huda murfin daidai girman abin yadda faranti ba zai shiga ba, sannan a sa matashi ɗaya mai fara'a ya tsaya wajen, ana canza shi duk bayan awa biyu kar rana ta gasa shi.

Mai motar nan ta bara kuma, bana sai 'yan gwangwan sun gama ɗaukar nasu tukuna za ki kira shi.